Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Ina zan ga abin da ɗan majalisarmu ya faɗa kan asibiti?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar majalisa ce da harkar lafiya, shi ya sa na zaɓo guda huɗu na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar gado da haya ku ƙara haƙuri, naku na nan tafe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a cikin birnin Zariya nake. Ƙaramin asibitin unguwarmu in ka kai yaro sai dai a rubuta maka magani ka tafi kemis ka saya, mace in za ta haihu har safar hannu da auduga ita ke zuwa da abinta. To rannan a majalisar da muke zama bayan isha'i gardama ta kaure, wani ya ce ai tuni wakilanmu suka kai maganar zauren majalisa har an amince, wani ya ce wallahi babu wanda ya taɓa buɗe baki, kowa na rantsuwa har aka kusa ɓatawa. Dan Allah akwai inda talaka zai je ya gani da idonsa, ko kuwa sai wanda ya san wani? Daga wani magidanci, Zariya.

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, akwai, kuma ba sai ka san kowa ba. Gani ya kori ji. Duk zaman da majalisar tarayya ta yi, wanda galibi Talata da Laraba da Alhamis ne, takardu uku yake bari a baya, kuma tunda da Turanci ake rubuta su dole in ba ka sunayensu yadda za ka buga a waya. Ta farko Order Paper, ita ce jadawalin ranar, a nan za ka ga wane ne zai gabatar da me. Ta biyu Votes and Proceedings, ita ke faɗin abin da aka yanke a taƙaice, wane ya kawo ƙudiri, wane ya mara masa baya, an amince ko an yi watsi, an tura wa wane kwamiti, an ba shi mako nawa ya dawo da rahoto. Ta uku Hansard, wannan ita ce ke ɗauke da maganar kowa baki da baki yadda ya faɗe ta. In don raba gardamarku ne ta biyun nan ta ishe ku, don ta fi sauƙin samu, Hansard kam ba kullum ake ɗora ta a intanet a kan lokaci ba.

Ka shiga nass.gov.ng, shafin majalisar ke nan. In ya yi maka nauyi ko ka rasa abin da kake nema, akwai wata ƙungiya a Abuja mai suna PLAC, su ma suna tara waɗannan takardu kuma suna da shafin bin sawun ƙudurorin doka, kowane ƙudiri da lambarsa, na wakilai yana farawa da HB na dattawa da SB, ka ga ranar da aka yi masa karatu na ɗaya da inda ya maƙale. Jaridar OrderPaper ita ma aikinta ke nan, tana fitar da ƙididdigar abin da kowane ɗan majalisa ya gabatar. Dabarar da ni nake yi, a Google nake rubuta site:nass.gov.ng sai in bar fili in sa primary health care da Zaria ko Sabon Gari, in fayil ɗin ya buɗe kar ka tsaya karanta shi tun daga farko data ɗinka zai ƙare a banza, danna alamar bincike ta cikin fayil ɗin ka sa kalmar da kake nema ta kai ka wurin kai tsaye. In ka samu ranar, je YouTube ka nemi bidiyon zaman ranar, ana watsa shi kai tsaye kuma yana zama a nan.

Amma tsaya, kafin ka wahalar da kanka a Abuja, asibitin wa ne? Nan ne mutanenmu suke yawan ɓata hanya. Asibitin koyarwa na Shika na gwamnatin tarayya ne, maganarsa a majalisar tarayya take. Asibitin Gambo Sawaba na jiha ne. Ƙananan asibitocin unguwa irin naku suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jihar Kaduna tare da ƙaramar hukuma, ke nan wanda ya fi kusa da alhakin tayar da maganar shi ne ɗan majalisar jiha, a zauren Lugard da ke Kaduna inda wakilai 34 ke zama, kuma ƙaramar hukumar Zariya kujera biyu gare ta a can, Birni da Kewaye, Sabon Gari ma biyu, Sabon Gari da Basawa. Takardun majalisar jiha ba su kai na Abuja yawa a intanet ba, a nan sai ka rubuta wa akawun majalisa, zan yi bayanin yadda ake yi a amsa ta uku.

Inda Abuja ta shigo cikin maganar asibitinku shi ne kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 11, ta kafa wani asusu na kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. A rabon da dokar ta tsara, rabin kuɗin na bi ta hukumar inshorar lafiya, kashi 45 na ƙananan asibitoci ne, a ciki kashi 20 na magani da rigakafi da kayan aiki irin safar hannun nan da ka ambata, kashi 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, sauran kashi 5 kuma na taimakon gaggawa. To ka lura da wannan sosai: an sa wa dokar hannu a 2014, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018. Shekara huɗu doka na nan a rubuce ko kwabo bai motsa ba. Shi ya sa in wani ya ce maka "ai an amince" ka tambaye shi, da me aka amince? In ƙudirin kira ne, wanda 'yan siyasa ke ce wa moshan, to majalisa ta yi kira ne kawai ga ma'aikata ta yi kaza, ba ya tilasta kowa. In ƙudirin doka ne sai ya wuce karatu uku a majalisa ɗaya, ɗayar ma ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. In ya zama doka sai an sa masa kuɗi a kasafi, in an sa sai an saki kuɗin, in an saki sai sun iso asibitin. A kowane mataki magana na iya mutuwa, kuma mai yiwuwa abokan naka biyu kowa na da rabin gaskiya, an faɗa ɗin, amma ba ta wuce faɗa ba. Tsarin asusun yana farawa ne da asibiti ɗaya a kowace gunduma, jihar Kaduna na da gundumomi 255, saboda haka ka tambayi shugaban asibitin naku ko kwamitin cigaban gunduma shin naku na cikin masu karɓa, in yana ciki nawa ya shigo a watannin nan kuma me aka saya.

Abu biyu da ba za ka samu a takardun nan ba, gara in faɗa maka tun yanzu. Yadda wakilinka ya kaɗa ƙuri'a galibi ba a rubutawa, don da murya ake yi, masu e su ce e masu a'a su ce a'a shugaba ya buga guduma, sai a manyan abubuwa irin gyaran tsarin mulki ake ƙirga kowa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, mutum ya tura wakili amma bai da hanyar sanin ɓangaren da ya tsaya. Na biyu, wakilin mazaɓar Zariya a majalisar wakilai, Tajudeen Abbas, shi aka zaɓa kakaki a Yunin 2023, kuma mai riƙe da guduma ba ya tashi ya yi muhawara kamar sauran, don haka sunansa sai ka neme shi a jerin masu ɗaukar nauyin ƙudurori da cikin kasafi, ba a cikin masu jawabi ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni nas ce a nan Tudun Wada. A guruf ɗinmu na WhatsApp an turo cewa majalisa ta yi doka ba ma'aikacin lafiya da zai fita waje sai ya yi shekara biyar a gida, gaskiya ne? Sannan ƙanwata na son tafiya Ingila aikin kula da tsofaffi, wani eja ya ce ta kawo kuɗi masu yawa zai samo mata takardar ɗaukar aiki kuma har yaranta za ta tafi da su, mahaifiyarmu har ta fara maganar sayar da fili. Ta ina zan tabbatar?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri kan aikin da kuke yi. Maganar shekara biyar ta samo asali ne daga ƙudirin da Ganiyu Johnson, ɗan majalisar wakilai daga Legas, ya kawo, wanda ya tsallake karatu na biyu a Afrilun 2023, kuma likitoci da likitocin haƙori ya shafa, cewa kar a ba su cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a Najeriya. Karatu na biyu kamar kai kuɗin gaisuwa ne, ba a ɗaura aure ba tukuna. Majalisa ta 9 ta kammala wa'adinta a Yunin 2023 ƙudirin bai zama doka ba. Abin da ya taɓa ku kai tsaye daban ne, sanarwar da hukumar nas-nas da ungozoma ta fitar a Fabrairun 2024 kan tantance takardu, mai neman gogewar shekara biyu bayan samun lasisi, wannan kuwa ba daga majalisa ta fito ba, don haka a shafin hukumar za ki duba ƙa'idar da ke aiki yau, ba a guruf ba.

Maganar ƙanwarki kuma, don Allah ku dakatar da sayar da filin nan. Ingila ta buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi ƙofar bizar lafiya a Fabrairun 2022, daga 11 ga Maris 2024 ta hana su tafiya da iyali, daga 22 ga Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje a wannan rukunin. Ban da haka Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, su 55 a jerin 2023, kuma ƙa'idar Ingila ta hana kamfanonin ɗaukar aiki zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe, sai dai mutum ya nema da kansa. Ki ɗora abin da ejan ya faɗa a kan wannan ki gani ko ya zauna.

Kuma ga inda za ki tabbatar da kanki, don su a can abin a buɗe yake. Ɗan majalisar Ingila yana rubuta tambaya ya miƙa, a ba ta lamba, ministan da abin ya shafa ya ba da amsa a rubuce cikin 'yan kwanaki, a buga tambayar da amsar kowa ya gani. Ki shiga questions-statements.parliament.uk ki rubuta care worker visa, za ki iya tace sakamakon da kwanan wata ko da sunan ma'aikata. Maganar biza ma'aikatar cikin gida ce ke amsawa, maganar ma'aikatan lafiya da gidajen tsofaffi kuma ma'aikatar lafiya da kula da jama'a, wadda ta samu wannan suna a 2018. Kullum ki fara duba kwanan watan amsar, don amsar 2022 gaskiya ce a lokacinta amma yau za ta iya kai mutum ta baro, kuma irin tsofaffin nan ne mayaudara ke ɗaukar hotonsu suna yawo da su. Akwai kuma shafin TheyWorkForYou da zai riƙa aiko miki imel duk lokacin da aka ambaci kalmar da kika zaɓa, ko Nigeria kika sa.

Ni wannan tsari yana burge ni kuma ina mana fatan irinsa. A jamhuriya ta farko muna da shi, ministoci 'yan majalisa ne, a zaure ake tsayar da su su amsa. Tun 1979 da muka koma tsarin shugaban ƙasa minista ya daina zama ɗan majalisa, sai dai a gayyato shi. Ikon na nan, sashe na 67 na tsarin mulkin 1999 ya ce in majalisa ta kira minista ya zo ya yi bayani, sashe na 88 da 89 sun ba ta ikon bincike da sammaci, amma yawancin tambayoyin a ɗakin kwamiti ake yin su, musamman lokacin kare kasafi, abin da ya fito sai ɗan guntun da 'yan jarida suka ɗauko. Da a ce wakili zai rubuta wa ministan lafiya Muhammad Ali Pate tambaya ɗaya tak, likita nawa ke aiki a kowane asibitin tarayya a jihar Kaduna bana, a buga amsar da kwanan wata, da gardamar da muke yi a gari ta ragu da yawa. Ba abin da ya hana wakilanmu neman a kafa wannan al'ada, kuma ya kamata mu riƙa tambayarsu a kai lokacin da suka zo neman ƙuri'a.

TAMBAYA: Salam Malam. Mahaifinmu ya haura 80 kuma shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ni da matata muke jinya, kuɗin magani da gashin ƙashi sun fi ƙarfina. Wai majalisa ba ta taɓa yin wata doka don irinsu ba? Daga Samaru.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, kai da maiɗakinka kuma Allah ya ba ku ladan jinya. An yi dokoki, har fiye da ɗaya. Akwai dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa ta 2017. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018 wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su yi hanyar keken guragu. Wadda ta fi kusa da matsalarka ita ce dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta Mayun 2022, ta kafa asusun marasa ƙarfi kuma ta lissafa tsofaffi a ciki tare da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da nakasassu. A jihar nan ta hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, ake bi, ka fara zuwa ƙaramin asibitin gundumarku ka tambayi yadda ake shigar da marasa ƙarfi, ka tafi da lambar NIN ɗin Baba.

In aka yi ta yi maka je-ka-ka-dawo, ga makamin da doka ta ba ka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce duk hukumar gwamnati da aka nemi bayani a wurinta ta amsa cikin kwana 7, kuma ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. A Afrilun 2025 kotun ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Wasiƙar ba ta buƙatar lauya, shafi ɗaya ne, ka ambaci sunan dokar a sama, ka yi tambaya mai kan gado wadda amsarta lamba ce ko takarda, misali mutum nawa aka shigar a gundumarku bana kuma da wace ƙa'ida aka zaɓe su. Kar ka cika ta da ƙorafi. Ka buga kwafi biyu, ka miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, ɗayan ka tsaya a buga masa hatimi a sa kwanan wata da hannu a gabanka, ko an ce ka aje ka tafi ka ce a yi haƙuri a buga, don daga ranar hatimin nan kwana bakwai ke fara ƙirguwa. Haka za ka rubuta wa akawun majalisar jiha in takardun zama kake so. In kuma koke ne, majalisun tarayya biyu duk suna da kwamitin koke-koken jama'a, amma sai ta hannun ɗan majalisa ake gabatarwa a zaure, saboda haka ofishin mazaɓa za ka kai, shi ma a buga maka hatimi.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Kongo da ke Zariya, ina rubuta furojet kan yadda majalisar Arewa ta dā ta tattauna maganar asibitoci da kuturta. Intanet ba komai. Ina zan dosa?

AMSA: 'Yata kin zaɓi abu mai kyau, amma wannan aikin na ƙafa ne ba na waya ba. Fara da ɗakin karatu na Kennedy da ke nan Kongo da na Kashim Ibrahim a Samaru, ki tambayi sashen takardun gwamnati. Daga nan ki shiga mota zuwa Kaduna, Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, ki nemi kundin muhawarorin majalisar dokokin Jihar Arewa na shekarun 1950 zuwa Janairun 1966. Ki fi mai da hankali kan zaman kasafin kuɗi da sashen tambayoyi da amsoshi, a nan wakilan larduna ke tambayar minista yaushe za a gina musu asibiti ko a turo malamin duba-gari. A wancan zauren da Turanci da Hausa ake magana, kuma har yau sashe na 97 na tsarin mulki ya bar wa majalisar jiha damar yin aiki da harshen mutanenta in ta amince, abin da nake ganin da an riƙe shi har a rubuce da magidancin da ya yi tambayar farko ya karanta wa abokan zamansa da kansa. Tunda kuturta kike bi, ki leƙa cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye, ki kuma nemi tarihin asibitin mishan na Wusasa. Ki tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton shafi, kuma duk abin da kika kwafa ki rubuta ranar zaman da sunan mai magana da lambar shafi nan take, don wasu kundin sun tsufa ba lallai a sake fito miki da su karo na biyu ba.